Ɗigo-ɗigon jini a ƙarƙashin fata: tambayoyin da mutanen zangon Kumasi ke yawan yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin iyaye da masu jinya daga Aboabo, Asawase, Sabon Zango da Tafo, a duk lokacin da aka wayi gari aka ga wasu ƙananan ɗige-ɗige a jikin yaro ko babba. Wanda yake da mara lafiya a gabansa yanzu haka, ya fara da tambaya ta 4, ya dawo ga sauran daga baya.

1. Mene ne ainihin wannan ɗigo-ɗigon?

Jini ne ya tsattsafo daga ƙananan jijiyoyin da ke cikin fata, waɗanda ba su kai silin gashi kauri ba, ya kwanta a wurin don bai samu hanyar fita ba. Kowane ɗigo bai wuce bakin biro ba, milimita 1 zuwa 2, kuma likitoci na kiransa fetikiya. Idan ya kai girman ƙwayar dawa zuwa ta wake, wato milimita 3 zuwa 10, sunansa fafura. Abin da ya wuce santimita 1 shi ne kwanciyar jinin da kowa ya sani bayan an buge.

Da farko ja ne, daga baya ya yi duhu, ya koma ruwan ƙasa kafin ya baje. Yawanci a shafe yake da fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, ba ruwa. Shi kansa ba cuta ba ne, alama ce: wani lokaci ta ƙaramin abu da zai wuce cikin kwana uku, wani lokaci ta ciwon da ke iya kisa kafin gari ya waye. Shi ya sa ba a yi masa hukunci da ido kawai.

2. Ta yaya zan bambanta shi da ƙurajen zafi, cizon sauro ko ƙyanda?

Ku ɗauki tambulan na gilashi wanda ake ganin abu ta cikinsa, ku danna gefensa a kan wurin da ɗan ƙarfi, ku duba ta cikin gilashin. Ƙurajen zafi, cizon sauro, cizon kuɗin cizo da ƙyanda duk za su dushe idan an danna su, domin jininsu yana cikin jijiya, dannawar tana kore shi. Ɗigon jini kuwa yana nan daram, domin ya riga ya fita daga jijiya. In babu tambulan, ku ja fatar da yatsu biyu ku gani ko launin zai gushe.

Wannan gwaji yana da iyaka, kuma iyakar tana da muhimmanci. A sa'o'in farko na ciwo mai tsanani, ƙurajen na iya dushewa idan an danna, sai daga baya su daina. Don haka idan yaro yana zazzaɓi kuma jikinsa ya yi laushi, kada dushewar ƙuraje ta sa ku saki jiki. Ku zagaye wurin da biro, ku ɗauki hoto da waya, ku sake dubawa bayan ɗan lokaci. Ɗigon da ke ƙaruwa a kan idonku ba na zama a gida ba ne.

3. Fatarmu baƙa ce, ba na ganin wani ja. Ina zan duba?

Wannan tambaya ta fi damuna, domin yawancin hotunan da ke intanet na farar fata ne, kuma iyaye da yawa suna neman jan da ba za su taɓa gani ba a jikin 'ya'yansu. A baƙar fata ɗigon yakan fito ne kamar ɗan duhu, baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi, ya saje da fata. Ku duba inda fata ta fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin dantse, ciki, da cinya ta ciki. Ku ja fatar ido ta ƙasa ku duba cikinta. Ku sa a buɗe baki ku haska ganɗa, dasashi da cikin kumatu. A waɗannan wurare jan yana fitowa sarai ko da mutum baƙi wuluk ne.

Ku yi dubawar da hasken rana a tsakar gida, ko da fitilar waya, ba a ɗaki mai duhu ba. Yaro kuma a tuɓe shi gaba ɗaya, har da kamfai ko nafkin.

4. Yaushe ne abin ya zama na gaggawa?

Ɗigon da ba ya dushewa tare da zazzaɓi, gaggawa ce har sai likita ya ce ba haka ba. Haka nan idan ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan: barcin da ake tashin mutum da ƙyar, ruɗewa, sanƙarewar wuya, ciwon kai mai tsanani, ƙin haske, numfashi sama-sama, sanyin hannu da ƙafa alhali jiki na zafi, jijjiga, ko jaririn da ya ƙi kama nono. Sai kuma zubar jini daga wani wuri: haɓon da ya ƙi tsayawa, jinin dasashi, jini a fitsari, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko al'adar da ta wuce yadda aka saba nesa ba kusa ba.

A irin wannan hali ba a jiran asuba, ba a jiran maigida ya dawo daga kasuwa, ba a fara zuwa shagon magani. A kira 112 ko a tari mota zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Asibitin Manhyia yana kusa da mutanen Asawase da Aboabo, kuma manyan matsaloli ana tura su asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee. Da isarku ku gaya wa ma'aikaciyar jinya ta farko cewa akwai zazzaɓi da ɗigon da ba ya dushewa, ku nuna mata wurin. Addu'a da tofi ana yin su a cikin mota, a kan hanya.

5. Ɗana ya sha tari da amai, da safe na ga ɗige-ɗige a fuskarsa. In damu?

Yawanci wannan shi ne mafi sauƙi. Tari mai ƙarfi, amai, kuka mai tsawo, yunƙurin bayan gida, ɗaukar kaya mai nauyi da yunƙurin naƙuda duk suna matsa wa jijiyoyin fuska da wuya har wasu su fashe. Alamarsa ita ce ɗigon yana tsayawa daga saitin nono zuwa sama, musamman gefen idanu, ba ya ƙaruwa, kuma yana bajewa cikin 'yan kwanaki. Zanen goyo da aka tamke sosai ko roba mai matse hannu ma suna barin irinsa a daidai inda suka matse.

Idan ya sauko ƙasa da ƙirji, ko yana ƙaruwa, ko yaron ba ya cikin hayyacinsa, ba tarin ba ne kaɗai, a koma tambaya ta 4.

6. Idan ba yunƙuri ba ne, me ke sa jini ya tsattsafo haka?

Hanyoyi uku ne. Ta farko, ƙarancin wasu ƙananan ƙwayoyi a cikin jini da ake kira filatilet, waɗanda aikinsu toshe duk wata kafa da ta buɗe a jijiya. Ɓargo ne ke yin su, kowace tana rayuwa kwana 7 zuwa 10. Suna raguwa idan ɓargo ya gaza yi, ko jiki yana lalata su da wuri, ko saifa ta kumbura ta riƙe su, kamar yadda ake gani a ciwon hanta da ya daɗe. Wannan ita ce hanyar da ta fi kawo ɗigo-ɗigo.

Ta biyu, jijiyar ce ta kumbura ko ta yi rauni, saboda ƙwayar cuta, garkuwar jiki da ta juyo kanta, tsufa, ko rashin sinadarin bitamin C na tsawon watanni. Ta uku, sinadaran daskarar da jini ne suka gaza, kuma wannan ya fi kawo babbar kwanciyar jini fiye da ƙananan ɗigo. Saran kububuwa, wanda ya yi yawa a gonakin arewacin Ghana, yana cikin wannan kashi.

7. Maleriya tana kawo shi? Mun kuma ji labarin dengi, Lassa da Marburg.

Zazzaɓin cizon sauro yana rage filatilet sosai, ana ganin haka kullum a takardun gwaji, amma ba kasafai yake kai ga ɗigo a fata ko zubar jini ba sai ya yi tsanani. A ganina nan ne babban tarko yake a ƙasarmu: a gwada yaro a samu maleriya, kowa ya ce an gano, a sallame shi, alhali akwai wata cuta ta biyu a cikin jininsa. Idan an samu maleriya kuma ga ɗigon da ba ya dushewa, ku nuna wa likita ɗigon da kanku, ku nemi a yi ƙidayar jini ta tambaya ta 13.

Sauran ukun cututtukan zazzaɓi ne masu iya sa zubar jini, kuma duk an taɓa samun su a Ghana. An tabbatar da Marburg a watan Yulin 2022, kuma a yankin Ashanti aka fara ganinta. An samu zazzaɓin Lassa a Accra a watan Fabrairun 2023, sannan dengi ta ɓarke a yankin Gabas a watan Yulin 2024. Dengi sauro ne mai cizon rana ke kawo ta, da zazzaɓi, ciwon bayan ido da ciwon gaɓoɓi, kuma haɗarinta yakan zo ne daidai lokacin da zazzaɓin ya sauka. Ba a gane waɗannan cututtuka da ido, sai an aika jini manyan ɗakunan gwaji irin su cibiyar Noguchi da ke Legon ko KCCR da ke jami'ar KNUST a nan Kumasi. Abin da ke taimaka wa likita shi ne ku faɗi gaskiya game da tafiyar da aka yi, jinyar da aka yi wa wani, wankan gawa, ko ɓeraye a rumbun abinci.

8. Mene ne alaƙarsa da sanƙarau?

Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke kawo sanƙarau tana iya shiga jini ta lalata jijiyoyi, sai ɗigo ya fito ya bazu, ya haɗe ya zama manyan tabo masu duhu cikin sa'o'i kaɗan. Wani lokaci wuyan ma bai sanƙare ba, ciwon ƙafa da sanyin hannu ne kawai ke fara bayyana. Akasin haka ma yana faruwa: mutum ya kamu da sanƙarau ba tare da ɗigo ko ɗaya ba, don haka ba a jiran fitowarsa.

Cutar ta fi tashi a arewacin ƙasar, daga hunturu zuwa bazara, kuma mutanen zango ba sa rabuwa da hanyar Tamale, Wa, Bolgatanga da Bawku. Allurar da ake yi wa yara a wata 18 tana kare su daga nau'in A ne kawai. Wadda ake wajabta wa alhazai tana kare nau'i huɗu, kuma Saudiyya ta tsaurara ta ne bayan ɓarkewar da aka yi a Hajjin 2000 da 2001. Wanda aka yi wa allura ma ba a cire shi daga tambaya ta 4 ba.

9. 'Yata tana wasa, tana cin abinci, ba zazzaɓi, amma jikinta duk ɗigo. Me ke nan?

Abin da ya fi yawa a irin wannan shi ne ciwon da ake rubutawa ITP. Sati ɗaya zuwa huɗu bayan mura ko wani ɗan zazzaɓi, garkuwar jiki sai ta yi kuskure ta riƙa lalata filatilet. Ya fi kama ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 10, kuma mafi yawansu suna warkewa cikin wata 6 zuwa shekara, da yawa ba tare da magani ba. A manya ya fi daɗewa. Babu gwaji guda da ke cewa ga ITP, ana kai wa gare shi ne bayan an tabbatar sauran ƙwayoyin jini lafiya suke kuma babu wani dalili. Shi ya sa ko da yarinyar tana tsalle-tsalle, a kai ta a ranar.

Akwai wani kuma da ke kama yara, wanda ɗigonsa ya ɗan taso, ana jin sa da yatsa, a ƙafafu da ɗuwawu, tare da ciwon ciki ko kumburin gwiwa da idon sawu. Shi kumburin jijiya ne, filatilet ɗinsa cikakku ne. Abin lura a cikinsa ƙoda ce, don haka ake ta maimaita gwajin fitsari da awon hawan jini na wasu watanni ko da fatar ta washe.

10. Ku gaya mini gaskiya, kansar jini ce?

Tana iya zama, amma ba ita ce ta fi yawa ba. Idan ita ce, da wuya ɗigo ya zo shi kaɗai. Yakan zo da farin tafin hannu da na ido, gajiya ta makonni, zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, ciwon ƙashi har yaro ya ƙi taka ƙafa, kaluluwa a wuya ko hammata, kumburin ciki da rama. Ƙidayar jini da duba shi a madubin likita suna nuna alamar tun ranar farko, ɓargo kuma ya tabbatar, kamar yadda yake a tambaya ta 15. Akwai sashen kansar yara a Komfo Anokye da Korle Bu, kuma nau'in da ya fi kama yara yana cikin waɗanda ake warkewa idan an fara magani da wuri aka kuma kai shi ƙarshe.

11. Magani zai iya jawo shi?

Ƙwarai. Asfirin, ibuprofen da diclofenac suna hana filatilet aiki ko da adadinsu bai ragu ba. Kinin, Septrin, wasu magungunan farfaɗiya da allurar heparin suna iya rage adadin. Chloramphenicol, wanda wasu ke saya da kansu da sunan maganin taifot, yana iya kashe ɓargo gaba ɗaya, ko da yake ba kasafai ba. Warfarin, maganin tsinka jini, idan ya yi yawa yana kawo kwanciyar jini. Giya mai yawa ma tana danne ɓargo.

Biyu kuma ba a cika faɗa wa likita su ba saboda kunya: man bilicin da ƙwayar ƙiba. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke sirantar da fata har ɗan gugar jaka ya bar tabo. Haka nan haɗe-haɗen da ake tallatawa a tasha da cikin mota, waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki. Ku zuba duk abin da ake sha ko shafawa a leda ku tafi da shi, har da jiƙo da tsimi. Maganin da likita ya ɗora ku a kai kuwa, kamar na tsinka jini ko na farfaɗiya, kada ku tsayar da kanku, ku koma wurinsa a ranar. Kafin a gan ku, in akwai zazzaɓi ko ciwo, farasitamol kaɗai.

12. Mai ciki fa, da jariri sabon haihuwa?

Filatilet kan ɗan sauka a ƙarshen ciki ba tare da wata illa ba, kuma wannan ba ya kawo ɗigo. Idan ɗigo ya fito wa mai ciki, musamman da ciwon kai, dishi-dishin gani, kumburin fuska ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ana tsoron hawan jinin ciki mai kai wa ga jijjiga. Ba a jiran ranar awo.

Jaririn da aka sha wuyar haihuwarsa, ko cibiya ta naɗe masa wuya, yana iya fitowa da ɗan ɗigo a fuska wanda zai baje. Idan a duk jiki ne, ko yana ƙaruwa, ko cibiya na tsattsafar jini, a mayar da shi asibiti nan take. A kuma gaya wa wanzami ya dakata: kaciya, cire belu da tsaga duk su jira sakamakon gwaji, ko da ranar suna ta zo. Suna ana raɗa shi ba tare da aska ta taɓa yaro ba. Wanda aka haifa a gida, a tabbatar an yi masa allurar bitamin K.

13. Wane bincike za a yi a asibiti?

Likita zai fara da tambaya: yaushe ya fito, daga ina ya fara, akwai zazzaɓi, me aka sha, ina aka je, akwai mai yawan zubar jini a dangi. Zai duba fata, baki da ido, ya taɓa wuya da ciki don jin kaluluwa, hanta da saifa. Sai gwajin da ya fi kowane muhimmanci a nan, cikakkiyar ƙidayar jini da ake rubutawa FBC, wadda ke nuna adadin filatilet, jajayen ƙwayoyi da farare. Jinin da ake ɗiba bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, ba ya rage wa yaro komai, ba a kuma buƙatar zuwa da yunwa. Tare da shi ake shafa ɗigon jini a gilashi a duba siffar ƙwayoyin, a kuma nemi maleriya.

Sauran ya danganta da abin da aka gani: gwajin saurin daskarewar jini, na hanta da ƙoda, fitsari, shuka jini don gano ƙwayar cuta, hoton ciki don auna saifa. Idan babba ne aka samu filatilet ɗinsa ƙasa, za a nemi gwajin HIV da na ciwon hanta nau'in B da C. Wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zargi ba ne. Ku riƙe katin inshorar lafiya na NHIS, amma rashinsa kada ya tsayar da ku a gida.

14. An ba ni takarda, an ce filatilet ɗina 90. Me hakan ke nufi?

Ku nemi layin da aka rubuta PLT. Lafiyayyen adadi daga 150 ne zuwa wajen 400 ko 450, wato dubu 150 zuwa sama a kowace maikurolita ta jini. Mai 90 yana ƙasa, amma yawanci ba ya zubar da jini haka kawai. Ƙasa da 50 ana taka-tsantsan da tiyata, cire haƙori da rauni. Ƙasa da 20 ne ɗigo da haɓo ke fitowa da kansu, ƙasa da 10 kuwa ana tsoron zubar jini a ciki.

Lambar ba ta faɗin dalili, kuma wani lokaci ƙwayoyin suna dunƙulewa a cikin kwalbar gwaji sai na'ura ta ƙirga su kaɗan, shi ya sa ake maimaitawa. Cikakken adadi ma ba ya wanke mai zazzaɓi da ɗigo, domin a farkon ciwon tambaya ta 8 ƙidayar na iya fitowa daidai.

15. Sun ce za su ɗebi ɓargo ko ruwan baya. Ba ya gurgunta mutum?

Abubuwa biyu ne daban. Ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya ake ɗibarsa, bayan an kashe zafin wurin, nesa da laka, kuma jiki na mayar da shi cikin kwanaki. Ba kowa ake yi wa ba, sai wanda ƙidayarsa ta nuna matsala a fiye da nau'in ƙwaya ɗaya, ko aka ga baƙin ƙwayoyi, ko magani ya ƙi ci. Ruwan baya kuma don tabbatar da sanƙarau ne, kuma allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare. Raunin da mutane ke gani bayan sanƙarau, kamar kurumta ko shanyewar gaɓa, cutar ce ta bar shi. Idan filatilet sun yi ƙasa sosai ko mara lafiya ya galabaita, likitoci da kansu suke ɗage gwajin su fara ba da magani.

16. Ɗigon ya baje. Sai in yi ƙaho in sha maganin ƙarin jini in huta?

Ƙaho a'a, har sai an ga ƙidayar jini, domin tsagar da ba ta komai ga mai lafiya tana iya ƙin tsayawa ga mai ƙarancin filatilet. Maganin ƙarin jini na kwalba, zoɓo da ganye ba sa ƙara filatilet. Man shafawa kuma ba ya kai wa inda jinin ya kwanta.

Tsohon ɗigo yana bajewa cikin sati ɗaya zuwa biyu ko dalilinsa ya tafi ko yana nan, don haka abin dubawa shi ne ko sabo yana fitowa. Idan an ba ku ranar komawa a sake ƙidaya ko gwajin fitsari, ku koma ko da fata ta yi sumul, ku tafi da tsohuwar takardar don a kwatanta lambobin. Yaron da filatilet ɗinsa ba su dawo ba, a ɗage masa ƙwallo, keke da hawan babur, kuma idan ya buga kai a kai shi asibiti ko da bai yi kuka ba.